Tunawa da Roy Horn da Siegfried: ina kuskuren ya faru a daren 3 ga Oktoba, 2003?

Ɗan Dabo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Da aka rufe otal ɗin Mirage na Las Vegas ranar 17 ga Yuli, 2024, an rufe babi na ƙarshe ke nan na mutum biyun da suka fi kowa suna a wasan rufa-ido da namun dawa. Roy Horn ya rasu ranar 8 ga Mayu, 2020, korona ce ta tafi da shi yana da shekara 75. Abokin sana'arsa Siegfried Fischbacher bai yi wata tara a bayansa ba, ya bi shi ranar 13 ga Janairu, 2021, yana da shekara 81, sanadiyyar kansar pankiriyas. 'Yar'uwarsa da ke zaman bautar coci a Jamus ce ta tabbatar wa 'yan jarida rasuwar.

Duka biyun Jamusawa ne. Siegfried ɗan Rosenheim, Roy ɗan Nordenham kusa da Bremen. A jirgin ruwan fasinja mai suna Bremen suka haɗu suna ƙananan ma'aikata. Siegfried na yi wa fasinja dabo da zomo da daddare, Roy ya ce masa in kana iya ɓatar da zomo, me zai hana ka ɓatar da cita, wato dabbar nan mai kama da damisa, mai tsananin gudu? Ashe ya riga ya shigo da wata cita mai suna Chico cikin jirgin a ɓoye. Sun isa Las Vegas a 1967. A Mirage kuma sun fara a Fabrairun 1990, ɗakin kallo mai cin mutum wajen 1,500, suka yi wasa sama da 5,000 cikin shekara 13, har zuwa daren 3 ga Oktoba, 2003, da ɗaya daga cikin fararen damisoshinsu ta kama Roy a wuya ana tsakiyar wasa, aka rufe wasan. Ina so mu tuna da su yadda masu sana'a ke tuna nasu: mu faɗi abin da suka iya, mu faɗi inda aka kuskure.

Ƙanin Kowa:
Wa alaikumus salam Yaya. Tambaya kafin a yi nisa. A hotunan da nake gani dabbar tana da ratsi-ratsi, ba ɗige-ɗige ba. Damisa ce ko wata aba ce daban?

Baba Sarkin Dawa:
Yaro ka yi tambaya. Damisarmu ta dawa mai rodi-rodi ce, ƙato a cikinsu da ƙyar ya wuce kilo 80 zuwa 90. Wannan mai ratsin babu ita a dajin Afirka ko kaɗan, ta Asiya ce, Indiya ce cibiyarta. Rashin sunanta a bakinmu ya sa muka ara mata na damisa. A nan mu ce mata damisar Asiya, in mun gaji mu ce damisa, kowa ya gane. Amma a riƙe a rai cewa wanda ya kama Roy, Mantacore, namiji ne ɗan shekara bakwai mai nauyin kilo wajen 180. Ya ninka Roy sau biyu har da ɗori.

Malam Na Gefe:
Ni abin da ke damuna shi ne kada mu zauna muna yabon masu sihiri.

Ɗan Dabo:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin kallonsa na bar wa malamai, amma abin da ke cikin akwatin zan iya faɗa, kuma babu aljani ko ɗaya a ciki. Katako ne da ƙarfe da fenti da lissafin lokaci. Ga tsohon tsarin dabarar da ake sa mace a keji ta koma zaki ko damisa, wadda an fi shekara ɗari ana yi, kowane mai wasa da nasa gyare-gyare:

Kejin yana kan tayoyi, kuma zurfinsa ya fi yadda ido ke gani. A baya akwai bangon ƙarya, an yi masa fenti da sanduna iri ɗaya da na gaske. Bayan wannan bango dabbar take tun kafin a turo kejin. Gindin kejin kuma, wato dandamalin da yake zaune a kai, an sassaƙe bakinsa ya tafi a karkace, an shafa baƙin fenti a ƙasa da siririn layi mai ƙyalli a baki. Ido sai ya kama layin nan ya ce ai kaurin bai fi tafin hannu ba, alhali tsakiyarsa ya kai taƙi guda da ɗan ɗori, ya isa siririyar mace ta kwanta a miƙe.

Mace ta shiga, a ja ƙyalle. Ta ɗaga murfin ƙasa, ta zame ciki, ta ja murfin ya kulle. Sai bayan nan a saki sakatar bangon ƙarya, dabba ta matso gaba, a fizge ƙyalle. Duka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Injiniya:
In ƙara a kan na Ɗan Dabo, ran dabarar gaba ɗaya yana cikin "sai bayan nan". Mai ƙira nagari ba ya barin wannan a hannun ƙwaƙwalwar mutum. Ana haɗa sakatar bango da murfin ƙasa da sandar ƙarfe ɗaya, yadda bangon ba zai motsa ba sam sai murfin ya zauna ya kulle. In ka bar wa yaron bayan fage ya ƙirga a ransa ya ja igiya, ranar da kiɗa ya yi sauri ko murfi ya cije, mace da damisa sun haɗu a ɗaki ɗaya.

Abubuwan da ke ɓata ta a aikace: fitsarin dabbar yana cin hinjis da sakata, tsatsa ta kama, murfi ya ƙi rufuwa daidai. Zafin fitilu a ƙaramin wuri marar iska yana harzuƙa dabba in ta daɗe a ciki, shi ya sa ake huda ramukan iska ta baya, kuma ake shigar da ita a ƙurarren lokaci. Wani sa'in ta juya ta ba 'yan kallo baya, a yaye ƙyalle a ga wutsiya. Sai kuma mutanen da ke zaune a sama ko can gefe, su ne ke iya hango zurfin kejin, don haka kusurwar da ake ajiye shi da inda haske ke faɗowa duk a auna suke.

Malama Mai Tarihi:
Tun da an ambaci wannan dabara, akwai wanda ya riga su da irinta, shi ma Bajamushe, Sigmund Neuberger da aka fi sani da The Great Lafayette. Ranar 9 ga Mayu, 1911, yana kammala wasan zakinsa a gidan kallo na Empire Palace a Edinbura, wata fitila ta kama kayan adon fage da wuta. 'Yan kallo sun fita lafiya, amma na bayan fage da dama sun mutu, har da shi da zakin. Gawar da aka fara ɗauka a matsayin tasa ma ta wanda ke shigar kamarsa a wasa ce, sai daga baya aka gano ta gaskiyar. An binne tokarsa a maƙabartar Piershill tare da karyarsa Beauty, wadda shahararren mai dabo Houdini ya ba shi, wadda ta mutu 'yan kwanaki kafin gobarar. Ku duba: shi 9 ga Mayu, Roy 8 ga Mayu. Ba wata ma'ana nake ɗora wa abin ba, ya dai tsaya mini a rai.

Ɗan Dabo:
Madalla Malama. To abin lura a na Roy shi ne, ba a cikin akwati aka samu matsala ba. Wurin da abin ya faru babu dabo a cikinsa ko kaɗan. Kusan minti 45 da fara wasa, Roy kan fito shi kaɗai da damisa a igiya, ya gabatar da ita, ya kai mata makirufo baki kamar ta gaida jama'a. Rabon aikinsu ke nan tun farko: Siegfried na dabo, Roy na dabbobi. Kuma daren ya zo daidai da ranar da ya cika shekara 59.

Mai Kula Da Keji:
Bari in jero yadda aka ruwaito shi, sai mu ga inda kowane mataki ya jawo na gaba.

Mantacore ya kauce daga wurin tsayuwarsa. Kowace dabbar wasa tana da tabo a fage da aka horar da ita ta tsaya a kai, daga nan sauran umarni ke farawa. In ta kauce, ƙa'ida ita ce ka zagaya da ita a da'ira ka dawo da ita kan tabon, kamar an sake farawa daga farko. Chris Lawrence, ɗaya daga cikin masu kula da dabbobin da ke gefen fage a daren, ya faɗa wa mujallar The Hollywood Reporter a 2019 cewa Roy bai zagaya ba, hannu ya sa ya karkato shi. Wannan ya kawo fuskar dabbar daidai jikinsa. Mantacore ya cafki hannun riga. Roy ya ba shi umarnin ya saki, yana ɗan bugunsa da makirufo a hanci. Ya saki. Lawrence ya shigo yana neman janye hankalinsa da nama, bai kula ba. Sai ya share ƙafafun Roy, Roy ya faɗi, ya kama shi a wuya ya ja shi zuwa bayan fage. A can aka fesa masa tukunyar kashe gobara, aka samu ya saki ya nufi kejinsa.

Faɗuwar nan ita ce iyaka. Muddin kana tsaye kana fuskantar babbar kyanwa, kai wani abu ne da take lissafi da shi. Da ka kai ƙasa, lissafin ya canza.

Ƙanin Kowa:
Amma Yaya, na ji su da kansu sun ce ba hari ba ne. Wai shanyewar jiki ce ta fara kama Roy, damisar ta ɗauke shi don ta kai shi inda ba abin da zai same shi, kamar yadda uwa ke ɗaukar ɗanta.

Likitar Dabbobi:
Haka suka faɗa har suka koma ga Mahaliccinsu, kuma ina ganin daga zuci Roy ya yarda da hakan. Amma a duba jiki. Ɗan damisa ana haifarsa da kilo ɗaya da 'yan kai, fatar ƙeyarsa sako-sako ce, kuma da uwa ta kama wurin sai ya saki jiki ya naɗe ƙafafu. Mutum ba shi da wannan fata, ba shi da wannan ɗabi'a. A wuyansa akwai maƙogwaro, da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaba biyu ta cikin ƙashin wuya. Fiƙar babban namiji tana kai santimita shida zuwa bakwai. Sannan ɗaukar 'ya'ya aikin mace ne, Mantacore kuwa namiji ne.

Masu goyon bayan Roy suna da hujja ɗaya mai nauyi: da kisa ya nufa, girgiza ɗaya ta isa ta karya wuyan, kuma bai girgiza ba. Na yarda. Sai dai tsakanin "ya so ya kashe" da "ya so ya cece shi" akwai fili mai faɗi, kuma a nan yawancin irin wannan ke faruwa: dabba ta rikice, abu ya faɗi a gabanta, ta kama ta ja zuwa inda ta saba. Ga wanda aka ja, sakamakon ɗaya ne. An kai shi asibitin University Medical Center ya zubar da jini mai yawa, ƙwaƙwalwa ta kumbura har sai da aka cire wani ɓangare na ƙoƙon kansa don ta samu wurin buɗawa, daga baya aka mayar. Ɓarin hagunsa ya shanye, maganarsa ta yi nauyi.

Malama Mai Tarihi:
Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ke da alhakin lasisin masu nuna dabbobi, ta yi bincike ta rufe ba tare da ta tsayar da dalili ɗaya ba. Steve Wynn, wanda ya gina Mirage, shi kuma cewa ya yi wata mata mai tulin gashi a layin gaba ce ta ɗauke wa dabbar hankali. Akwai faifan bidiyon daren, ba a taɓa sakinsa ga jama'a ba. Ma'aikata 267 suka rasa aiki da rufe wasan, su ba a cika tunawa da su ba.

Baba Sarkin Dawa:
Ni fa duk bayanin nan, kirarin da kakanninmu suka yi wa tamu ya riga ya gama shi: damisa ƙi sabo. Ku dubi gardawanmu masu wasa da kura. Kura ba ta fi kilo 50 zuwa 70 ba, amma garde ba ya shiga kasuwa da ita sai da abu uku: takunkumi saƙaƙƙe a baki, sarƙa mai kauri, da sanda a hannu. Duk laya da kirarin da zai yi, ba ya wasa da ukun nan. Wato a gaban kowa yana shaida cewa bai amince da ita ba. Su kuwa na Las Vegas amincewar ce hajarsu. Abin da mutum ya biya kuɗi ya gani shi ne babu takunkumi, babu sanda, babu shinge tsakanin fage da kujeru. Da sun sa takunkumi da babu wasan.

Ba ina wanke gardawa ba ne, kurar tasu ma tana shan wuya, an raba ta da dawa tun tana ƙarama.

Mai Kula Da Keji:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Sabo yana aiki, shi ne ma ya riƙe su shekaru sama da 40. Roy yana karɓar 'ya'yan tun suna jarirai, ya ba su madara a bulumboti, su taso da warinsa da muryarsa. Matsalar sabo ita ce ba a ajiye shi a banki, kullum sai an sabunta. Babban zargin Lawrence ma ba na hannun da Roy ya sa ba ne. Cewa ya yi a shekarun ƙarshe Roy ya rage zagayawa kejuna kafin wasa, ya rage ba su nama da hannunsa yana yi musu magana. Siegfried da Roy sun musanta maganarsa, a san da wannan. Amma ko a wane gida ne, wannan zagayen na kafin wasa shi ne awo. A nan kake gane wanda bai ci abincinsa ba, wanda ke jin warin macen da ke neman barbara, wanda haƙori ke damunsa. Damisar Asiya in tana lafiya da kai takan yi wani huci mai laushi ta hanci, gaisuwarta ke nan. In ka zo ba ta yi ba, ga kunnuwa sun kwanta baya har kana ganin farin tabon bayansu, ga bakin wutsiya na kaɗawa, ranar ba ranar fita da ita ba ce. Dole a samu wanda ke da ikon cewa yau wane ba zai fita ba, ko da tikiti ya ƙare.

Ƙanin Kowa:
Me ya hana a harba masa allurar barci nan take?

Likitar Dabbobi:
Fim ne ya ɓata mutane a kan wannan. Allurar da ake harbawa, galibi ketamin haɗe da medetomidin ko zailazin, tsoka take shiga, kuma sai ta yi minti 10 zuwa 15 kafin dabba ta kwanta. In ranta a tashe yake ta fi haka. Zafin sukar ma na iya sa ta ƙara datse abin da ke bakinta. Mutumin da jijiyar wuyansa ta ɓalle ba shi da minti goma. Bindiga kuma a ɗaki mai mutum 1,500, ga kan mutum a bakin dabba, wa zai harba? Shi ya sa tukunyar kashe gobara mai iskar kabon ita ce makamin farko: ƙara, sanyi da farin hayaƙi lokaci ɗaya, dabba ta firgita ta saki. A ajiye ta a kowane gefe na fage, a hannun wanda ba shi da wani aiki sai ita.

Injiniya:
Gidajen namun daji na zamani sun kauce wa matsalar ne gaba ɗaya. Mutum da babbar kyanwa ba sa haɗuwa a fili ɗaya. Keji biyu ne da ƙofa mai zamewa a tsakani, ana ja daga waje. A kira dabba ɗaya ɓangaren, a kulle, a ƙirga su da ido, a sa kwaɗo, sannan a shiga shara. Har jini ana ɗiba ta wutsiya ta tsakanin sanduna in an horar da ita. Yawancin haɗurran da ake samu yanzu daga ƙofar da aka zaci an kulle ne.

Hajiya Uwar Zaure:
Ni farin launin nan ne ya fi burge ni. Gaskiya ne sun ceto irin daga ƙarewa?

Likitar Dabbobi:
Hajiya, a nan ne yabona gare su ke raguwa. Farar damisa ba wani iri ne daban ba, kuma ba zabiya ba ce, tunda ratsinta na nan, idonta shuɗi. Canji ne a ƙwayar gado ɗaya, kuma sai ɗa ya gaje shi ta uwa da uba duka kafin ya fito fari. In iyaye biyu masu ruwan goro ne da ke ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya cikin huɗu ake sa ran ya zo fari. Fari da mai ɗauke da shi, rabi. Fari da fara, duka.

Tushen yawancinsu namiji ɗaya ne, Mohan, da sarkin Rewa a Indiya ya kama a 1951. Da aka haɗa shi da mace mai launin da aka saba, 'ya'yan duk suka zo ruwan goro. Sai aka haɗa shi da 'yarsa Radha, a 1958 ta haifi farare huɗu. Daga nan aka ɗora, uba da 'ya, wa da ƙanwa. Abin da ke biyo baya sananne ne: harara-garke, tsagewar ganɗa, karkacewar ƙashin baya, 'ya'yan da ba sa rayuwa. Ga kuma tambayar ina ake kai masu ruwan goron da ba a nema ba. A 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka ta hana mambobinta kiwo don neman farin launi. Ceton damisa na gaskiya a dazukan Indiya ake yinsa, inda ƙidayar 2022 ta ba da kimanin 3,682.

Ɗan Dabo:
Likita ba ki bar musu komai ba. Ni dai zan tsaya musu a nan: kafin su, mai dabo a Las Vegas ɗan cike gurbi ne, a ba shi 'yan mintoci tsakanin rawa da rawa. Su suka mai da shi mai gidan da ake gina wa ɗakin kallo. Duk mai babban wasan dabo a garin yau yana cin albarkacinsu. Kuma mutumin da aka ɗauka jini na zuba yana roƙon kada a taɓa dabbar, ba don talla ya faɗa ba. Ya koyi tafiya da magana daga farko, har a Fabrairun 2009 suka sake hawa fage sau ɗaya a taron tara kuɗi don cibiyar cututtukan ƙwaƙwalwa ta Lou Ruvo, suka yi sallama da sana'ar a 2010.

Likitar Dabbobi:
Ban musa son da yake musu ba, Malam. Dabbobinsa sun ƙoshi, kuma ƙoshin babbar kyanwa ba wasa ba ne: kilo huɗu zuwa shida na nama kullum ga kowace, kuma tsoka zalla ba ta isa, sai da ƙashi ko garin kalsiyam, in ba haka ba ƙasusuwan 'ya'yan su lanƙwashe. Mantacore ya kai shekara 17 kafin ya mutu a Maris ɗin 2014, a dawa da wuya ya kai haka. So daban, tsarin da aka ɗora wasan a kai daban.

Ƙanin Kowa:
To yanzu wani zai iya sake irin wasan a can? Kuma ina sauran dabbobin?

Malama Mai Tarihi:
Yadda suka yi shi dai, a'a. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Disambar 2022 ta hana mutum ajiye zaki ko damisa a gida a matsayin abin kiwo, ta hana a ba jama'a 'ya'yansu su taɓa ko su ɗauki hoto da su a hannu. Mai lasisin nunawa kuma dole ya bar tazarar ƙafa 15, wajen mita huɗu da rabi, tsakanin dabba da 'yan kallo, ko ya sa shinge na dindindin. Lambun da ake ajiye dabbobinsu a Mirage, Secret Garden, an rufe shi a 2022. A 2023 aka kwashe sauran manyan kyanwoyin zuwa gidajen ritayar dabbobi biyu, WildCat Ridge a jihar Oregon da In-Sync Exotics a Texas. A irin waɗannan gidaje ba a barbara, ba a wasa da su.